Lura da Matakin Zafi a Kwaikwayon Motsin Ƙwayoyin Zarra da Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Da wuya a yi wani gwaji a ɗakin binciken kimiyya ba tare da an tsoma ma'aunin zafi cikin abin da ake nazari ba. Dalili kuwa shi ne halin kowane abu ya rataya a kan zafinsa. Ruwa kan daskare ko ya tafasa, dalma kan narke, farin ƙwai kuma kan sandare idan ya ji wuta. To, amma tun daga tsakiyar ƙarni na ashirin aka sami wani sabon nau'in gwaji wanda ake gudanar da shi a cikin kwamfuta, inda babu ruwa na zahiri balle a tsoma masa ma'auni, sai dai jerin lambobi. Tambayar da ke tasowa a nan ita ce, ta yaya mai bincike zai san zafin abin da ba shi da jiki, kuma ta yaya zai tabbatar cewa zafin nan ya tsaya inda ake bukata?

Manufar wannan maƙala ita ce amsa wannan tambaya. Za a fara da bayanin shi kansa kwaikwayon, sa'an nan a nuna yadda ake fitar da matakin zafi daga motsin ƙwayoyi, da dabarun riƙe shi, da kuma alamomin da ke nuna cewa aiki ya ɓaci. Batun ba na wasa ba ne, domin da irin wannan kwaikwayo ake nazarin yadda magani ke kama furotin, da yadda ƙarfe ke tsagewa, da yadda gishiri ke ratsa fatar ƙwayar halitta. Akwai sauye-sauyen sinadarai da yawa waɗanda saurinsu kan kusan ninkawa biyu idan zafi ya ƙaru da digiri 10 kacal. Ke nan kuskuren da ake gani ƙarami ne a ma'auni yana iya rushe aikin watanni.

2.0 Kwaikwayon Motsin Ƙwayoyi

A wannan maƙala "ƙwayar zarra" na nufin atom, "molekul" kuwa shi ne ƙwayoyin zarra biyu ko fiye da suka ɗauru da juna, kamar molekul ɗin ruwa mai ƙwayar oksijin ɗaya da ta haidirojin biyu. Abin da ake yi a kwaikwayo shi ne a zana wani akwati a cikin kwamfuta, a zuba masa ƙwayoyi, a ba kowace mazauni da gudu. Daga nan sai kwamfuta ta lissafa ƙarfin ja da na turi da ke tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabtanta, ta yi amfani da dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687 don gano inda kowace za ta kai bayan ɗan ƙanƙanin lokaci. Sai ta matsar da su, ta sāke lissafi, haka dai har sau miliyoyi. Galibi akan shirya akwatin ta yadda ƙwayar da ta fita ta bangon gabas za ta shigo ta bangon yamma, don kada bango ya sauya halin abin da ke ciki.

Ɗan lokacin nan da ke tsakanin lissafi da lissafi shi za mu kira "taku". Tsawonsa a bisa al'ada femtosakan 1 ne ko 2, shi kuwa femtosakan kashi ɗaya ne idan aka raba sakan gida miliyan sau biliyan. Abin da ya tilasta wannan gajarta shi ne ƙwayar haidirojin da ke ɗaure da kabon tana kai-komo sau ɗaya cikin kimanin femtosakan 10, don haka dole taku ya gaza wannan nesa ba kusa ba. Da taku na femtosakan 2, sai an yi taku 500,000 kafin a cika nanosakan ɗaya.

Berni Alder da Thomas Wainwright ne suka buɗe wannan fage a 1957 a cibiyar bincike ta Livermore da ke Amurka, inda suka kwaikwayi ƙwallaye masu tauri da ke karo da juna. A 1964 Aneesur Rahman, haifaffen Haidarabad ta Indiya, ya kwaikwayi ƙwayoyin argon 864 a matsayin ruwa a cibiyar Argonne, sakamakonsa kuma ya yi daidai da abin da aka auna a zahiri. A 1971 shi da Frank Stillinger suka kwaikwayi molekul ɗin ruwa 216. A 1977 Andrew McCammon da Bruce Gelin da Martin Karplus suka yi kwaikwayon furotin na farko, wanda tsawonsa bai kai pikosakan 10 ba. A 2013 aka ba Karplus da Michael Levitt da Arieh Warshel kyautar Nobel ta ilmin sinadarai saboda aikinsu na kwaikwayon manyan molekul. Daga cikin manhajojin da suka yi fice a wannan aiki akwai GROMACS da LAMMPS da AMBER da NAMD da CHARMM.

3.0 Ma'anar Matakin Zafi

3.1 Zafi da Matakinsa

Kalmar "zafi" a Hausa ta ƙunshi ma'anoni biyu da masana kimiyya suka rarrabe. Akwai yawan zafin da abu ya ƙunsa, akwai kuma matakin da zafin ya kai. Cokali guda na tafasasshen ruwa ya fi randa cike da ruwa mai ɗumi matakin zafi, amma randar ta fi shi yawan zafi. Abin da ma'auni ke nunawa shi ne na biyun, shi ne kuma za mu riƙa kira "matakin zafi". A kwaikwayo da ma'aunin kelbin ake aiki, wanda sifirinsa ya yi daidai da digiri 273.15 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos. Ke nan kelbin 300 kusan digiri 27 ne, kelbin 310 kuwa kusan 37, watau zafin jikin ɗan Adam.

Tun a 1738 Daniel Bernoulli ya kawo ra'ayin cewa iska tarin ƙananan ƙwayoyi ce masu gudu ba tsayawa. A 1860 James Clerk Maxwell ya nuna cewa ƙwayoyin nan ba gudu ɗaya suke yi ba: kaɗan na tafiyar hawainiya, kaɗan na gudun fitar hankali, mafi yawa na tsakiya, kuma wannan rabo yana bin wata ƙa'ida tabbatacciya. Ludwig Boltzmann ya faɗaɗa ƙa'idar bayansa. Abin da aikinsu ya tabbatar shi ne matakin zafi awo ne na matsakaicin kuzarin motsin ƙwayoyi. Alal misali, a kelbin 300 ƙwayar argon na gudun kimanin mita 430 cikin sakan, molekul ɗin naitirojin kuwa, da yake ya fi ta sauƙi, kimanin mita 520.

3.2 Yadda Ake Lissafi

Kuzarin motsin ƙwaya ɗaya shi ne rabin nauyinta a ninka da gudunta, a sāke ninkawa da gudun, watau ½mv². Tun da kwamfuta ta san nauyi da gudun kowace ƙwaya a kowane taku, sai ta tara kuzarinsu duka ta sami jimilla, wadda za mu kira K. Akwai kuma wata ƙa'ida mai suna ƙa'idar raba-daidai, wadda ta ce idan abu ya lafa, kowace kafa ta motsi tana samun kaso ɗaya na kuzari a matsakaici, kason kuwa shi ne ½kT. A nan T shi ne matakin zafi, k kuwa lambar Boltzmann ce, wadda tun 2019 aka tsayar da ƙimarta a kan 1.380649 × 10⁻²³ jul a kowane kelbin. Idan adadin kafofin motsi shi ne f, to K = ½fkT, wanda in aka juya shi zai ba da:

T = 2K ÷ (f × k)

Wannan lissafi shi ne ma'aunin zafin mai kwaikwayo. Ya kamata mai karatu ya lura cewa an gina shi ne a kan sharaɗi, watau cewa abin ya lafa kuma kuzari ya rarrabu daidai. Inda sharaɗin bai cika ba, kwamfuta za ta fitar da lamba, amma lambar ba ta cancanci a kira ta matakin zafi ba. Yawancin matsalolin da za mu gani nan gaba daga nan suka samo asali.

3.3 Ƙidayar Kafofin Motsi

Kowace ƙwaya na iya motsi ta fuska uku: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Ke nan ƙwayoyi N na da kafofi 3N. Sai dai akwai abin da ake ɗebewa. Na farko, tafiyar da dukan akwatin zai yi gaba ɗaya ba zafi ba ce, don haka akan hana ta, a cire kafofi 3. Na biyu, don a sami damar tsawaita taku, akan yi wa wasu ɗaure-ɗauren da ke tsakanin ƙwayoyi dabaibayi, a hana su miƙewa da takurewa. Dabarar SHAKE da Ryckaert da Ciccotti da Berendsen suka fito da ita a 1977, da SETTLE ta 1992, da LINCS ta 1997, duk wannan aiki suke yi. Kowane dabaibayi guda na cinye kafa guda.

Bari mu ɗauki molekul ɗin ruwa 1,000. Ƙwayoyinsu 3,000 ne, kafofi 9,000 ke nan. Idan aka sandarar da kowane molekul da dabaibayi uku, an cire 3,000, a ƙara cire 3 na tafiyar akwati, saura 5,997. To, da mai bincike zai yi sakaci kwamfuta ta ci gaba da raba kuzari da 9,000, sa'an nan ya umurce ta ta riƙe kelbin 300, abin da za ta riƙe a haƙiƙa shi ne kusan kelbin 450, watau digiri 177 na Salshiyos, alhali rahotonta na cewa 300. Manhajojin zamani kan yi wannan ƙidaya da kansu, amma sukan iya kuskurewa idan an daskarar da wasu ƙwayoyi wuri ɗaya, ko an raba akwati rukuni-rukuni. Saboda haka duba adadin f shi ne aikin farko na mai lura.

4.0 Hawa da Sauka

Wanda ya fara kallon zanen matakin zafi na kwaikwayo yakan yi mamakin ganin layin na rawa, yanzu 293, anjima 308, alhali 300 aka nema. Wannan rawa ba cuta ba ce, lafiya ce. A kowane lokaci kuzari na sauya gida tsakanin kuzarin motsi da kuzarin ajiya, watau wanda ke ɓoye a cikin ja da turin da ke tsakanin ƙwayoyi, kamar dai yadda lilo ke gudu a tsakiya ya tsaya a ƙarshen hawansa. Idan kuma akwatin na musayar zafi da waje, jimillar kuzarin ita ma takan hau ta sauka.

Girman wannan rawa sananne ne. Ga akwatin da ke jingine da babban tafki mai tsayayyen zafi, faɗin rawar shi ne T a ninka da √(2 ÷ f). A kelbin 300, ƙwayoyi 1,000 marasa dabaibayi za su ba da rawa ta kimanin kelbin 8. Ƙwayoyi 100,000 za su ba da ƙasa da kelbin 1, ƙwayoyi 10 kuwa kusan kelbin 80. Wannan ne ya sa ba a maganar matakin zafin ƙwaya guda, kamar yadda ba a gane tsadar kasuwa daga cinikin mutum ɗaya. Shi ne kuma dalilin da ya sa ba mu ganin ma'auni na rawa a cikin kofin ruwa, domin ƙwayoyin da ke ciki sun wuce biliyan sau biliyan nesa.

Abu biyu ne ke fitowa daga nan. Na ɗaya, abin da ake ba da rahoto a kansa shi ne matsakaicin lambobin da aka tara cikin dogon lokaci. Da yake lambar wannan taku na kama da ta takun da ke biye, ba a ɗaukar kowace a matsayin shaida mai zaman kanta; akan yanka jerin gunduwa-gunduwa, a ɗauki matsakaicin kowace gunduwa, a gwada su da juna, kamar yadda Flyvbjerg da Petersen suka tsara a 1989. Na biyu, ita kanta rawar na ɗauke da ilmi. A 1967 Lebowitz da Percus da Verlet suka nuna cewa a akwatin da aka killace, wanda ba ya musayar kuzari da waje, rawar takan fi ƙanƙanta, kuma daga girmanta ana iya lissafa yawan zafin da abu ke sha kafin matakinsa ya hau da digiri ɗaya. Ke nan layin da ya miƙe sarai ba rawa kyan ɗan maciji ne, abin tuhuma ne ga wanda ya san aiki.

5.0 Linzamin Zafi

Dokokin Newton kaɗai jimillar kuzari suke kiyayewa, ba matakin zafi ba. Gwajin zahiri kuwa galibi a tsayayyen zafi ake yin sa. Don cike wannan giɓi aka ƙirƙiro dabaru da za mu kira "linzamin zafi", waɗanda ke ƙara wa ƙwayoyi kuzari ko su rage musu.

Mafi sauƙinsu shi ne wanda Woodcock ya yi amfani da shi a 1971 wajen nazarin narkakken gishiri: a ninka gudun dukan ƙwayoyi da lamba ɗaya don matakin zafi ya koma daidai inda ake so. Aibinsa shi ne yana kashe rawar da muka ce dole ce. A 1980 Hans Andersen ya kawo wata hanya, inda lokaci-lokaci akan zaɓi ƙwaya da ka, a sauya mata gudu da wani sabo da aka ciro daga rabon Maxwell da Boltzmann, tamkar ta yi karo da ƙwayar tafkin zafi. Wannan na ba da rawa ta gaskiya, amma yana katse tafiyar ƙwayoyi, don haka bai dace da mai son auna saurin yaɗuwarsu ba. Kusa da shi akwai linzamin Langevin, wanda aka gina a kan lissafin da Paul Langevin ya wallafa a 1908: ana sa wa kowace ƙwaya ɗan birki, ana kuma yi mata 'yan ture-ture da ka, a daidaita biyun.

A 1984 Herman Berendsen da abokan aikinsa na Groningen a ƙasar Holan suka fito da linzami mai sassauci, wanda ke jan matakin zafi sannu a hankali zuwa inda ake so. Yana da saurin kwantar da akwatin da ya hargitse, shi ya sa ya sami karɓuwa ƙwarai, sai dai rawar da yake bari ta gaza ta gaskiya. A wannan shekara dai Shuichi Nosé, masani ɗan ƙasar Japan, ya nuna yadda za a shigar da tafkin zafi cikin lissafin motsi a matsayin wata ƙarin kafa, William Hoover kuma ya sauƙaƙa tsarin a 1985. Linzamin Nosé da Hoover na ba da rawa ta gaskiya ga akwatin da ya riga ya lafa, amma idan aka ɗora shi a kan wanda ke nesa da lafawa sai matakin zafi ya yi ta lilo mai faɗi, kuma yakan gaza a ƙananan akwatuna masu tauri. Don gyara wannan gazawa Martyna da Klein da Tuckerman suka jera linzamai da yawa a sarƙe a 1992. A 2007 Bussi da Donadio da Parrinello suka ƙara wa dabarar Berendsen wani ɓangare na ka, wanda ya mayar mata da rawar da ta rasa ba tare da ta yi asarar sassaucinta ba.

Abin la'akari shi ne dukan waɗannan linzamai za su nuna matsakaicin kelbin 300 idan 300 aka nema. Saboda haka daidaituwar matsakaici ba hujja ba ce cewa linzami ya dace da aikin da aka ɗora shi a kai.

6.0 Alamomin Ɓaraka

6.1 Faɗuwa ko Tashin Farko

Akan fara kwaikwayo ne da ƙwayoyin da aka jera a mazaunin da kuzarin ajiyarsu ya fi ƙaranci, sa'an nan a raba musu gudu daidai da kelbin 300. Cikin 'yan ɗaruruwan taku sai a ga mataki ya faɗi, a daskararren abu har zuwa wajen 150. Dalili shi ne kusan rabin kuzarin motsin ya koma na ajiya, kamar yadda ƙa'idar raba-daidai ta tanada. Wannan ba ɓaraka ba ce, alama ce kawai cewa akwati bai lafa ba, kuma duk lambobin wannan zango zubar da su ake yi. Akasin haka, idan tun farko wasu ƙwayoyi biyu sun hau kan juna, turin da ke tsakaninsu zai cilla su da mugun gudu, mataki ya haura dubbai, lissafi ya wargaje. Maganinsa shi ne a fara sassauta cunkoson kafin a saki motsi, a kuma ɗumama akwatin daki-daki.

6.2 Zamewa a Ɓoye

Idan taku ya yi tsawo, ko an yanke lissafin ja da turi ba zato a wani nisa, ko an jinkirta sabunta jerin maƙwabtan kowace ƙwaya, ƙananan kurakurai kan taru su zama zafi na ƙarya. A killataccen akwati za a ga layi na hawa a hankali. Amma idan da linzami, shi zai riƙa kwashe wannan zafi yana zubarwa, kamar mai kwalfe ruwa daga kwalekwale mai yoyo, har na bakin gaɓa ya zaci jirgin lafiya lau yake. Hanyar bankaɗo wannan ita ce a cire linzami na ɗan lokaci a ga ko jimillar kuzari za ta tsaya, ko kuwa a duba wata jimilla ta musamman da ta haɗa kuzarin akwati da wanda linzami ya kwashe, wadda linzaman Nosé da Hoover da na Bussi suke da ita, kuma bai kamata ta zame ba.

6.3 Ƙanƙara Mai Tashi

A 1998 Harvey da Tan da Cheatham suka bayyana wata cuta da suka yi wa laƙabi da abin da za a fassara "ƙanƙara mai tashi". Sun nuna cewa yawan ninka gudu da lamba ɗaya, irin na Woodcock da Berendsen, yana tsotse kuzari daga motsi mai saurin kai-komo, yana tura shi ga motsi mai nawa, musamman tafiyar dukan tarin ƙwayoyin gaba ɗaya ko juyawarsa. A ƙarshe molekul kan daskare ta ciki, ya kama shawagi a akwati kamar dutsen da aka jefa, alhali kwamfuta na ba da rahoton kelbin 300, domin jimillar K ba ta sauya ba. Wannan ita ce kura da fatar akuya a wannan fage. Ana gano ta ne idan aka lissafa matakin zafin kowane nau'in motsi daban, watau na tafiya da na juyawa da na karkarwa, a ga ko sun zo ɗaya. Rigakafinta shi ne a riƙa cire tafiyar tsakiyar nauyi a kai a kai, a kuma guji irin waɗannan linzamai a zangon tara sakamako.

6.4 Ruwa da Zafi, Furotin da Sanyi

A kwaikwayon furotin da ke cikin ruwa, kurakuran lissafi sun fi ɗumama ruwan, musamman idan an yanke ja da turin lantarki a gajeren nisa. Linzami guda da ke kallon matsakaicin duka zai rage wa kowa gudu, har da furotin da bai yi laifi ba. Sakamako shi ne ruwa ya zarce matakin da aka nema, furotin ya gaza shi, matsakaici kuwa ya fito daidai. Tun da furotin ɗin ake nazari, an auna halinsa ke nan a zafin da ba shi aka yi niyya ba. Akan magance wannan ta ba ruwa linzaminsa, furotin nasa. Amma gyaran tushe ya fi, watau a inganta lissafin lantarki da irin dabarar da Darden da York da Pedersen suka gina a kan hanyar Ewald a 1993. Ba a kuma so a ware ƙaramin rukuni, kamar 'yan ƙwayoyin gishiri goma, a ba shi linzaminsa, saboda faɗin rawar da muka gani a sashe na 4.0.

6.5 Abu Mai Kwarara

Ruwan da ke cikin tankin mota ba ya ƙara zafi don motar ta ƙara gudu. Haka nan idan ana kwaikwayon ruwa mai kwarara a cikin siririn bututu, wajibi ne a ɗebe gudun kwararar daga gudun kowace ƙwaya kafin a lissafa K, in ba haka ba za a ƙidaya tafiya a matsayin zafi.

7.0 Ƙa'idojin Lura

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo waɗannan ƙa'idoji:

(a) A tabbatar da adadin kafofin motsi tun kafin a fara.

(b) A zana matakin zafi tare da kuzarin ajiya da jimillar kuzari. Kuzarin motsi kan lafa cikin 'yan pikosakan, amma tsarin ƙwayoyi na iya ɗaukar nanosakan masu yawa, don haka lafawar matakin zafi kaɗai ba ta isa shaidar cewa akwati ya lafa ba.

(c) A gwada faɗin rawa da abin da lissafi ya ce, a kuma duba ko gudun ƙwayoyi na bin rabon Maxwell da Boltzmann.

(d) A auna kowane rukuni da kowane nau'in motsi daban.

(e) A nemi shaida na biyu inda hali ya yi. A 1997 Hans Henrik Rugh ya nuna hanyar da ta kai ga lissafa matakin zafi daga mazaunin ƙwayoyi da ƙarfin da ke kansu, ba tare da duba gudu ba. Idan awon biyu suka saɓa, akwai magana. A 2013 kuma Michael Shirts ya tsara gwajin da ake gudanar da kwaikwayo biyu a matakan zafi makusanta, a ga ko rabon kuzarinsu ya bi ƙa'idar Boltzmann.

(f) A rubuta sunan linzami da ƙarfinsa da tsawon taku a cikin rahoto, don wani ya iya maimaita aikin.

8.0 Iyakar Awon

Ko da an cika dukan waɗannan sharuɗɗa, matakin zafin da aka riƙe na abin da aka ƙera a kwamfuta ne, ba lalle ya yi daidai da na zahiri ba. Ruwan gaskiya na daskarewa a kelbin 273. Amma samfurin ruwa mai suna TIP3P, wanda William Jorgensen da abokan aikinsa suka fitar a 1983 kuma aka yi amfani da shi a kwaikwayon furotin ba adadi, ƙanƙararsa na narkewa ne a wajen kelbin 146, ta samfurin SPC/E a wajen 215, ta TIP4P kuwa a wajen 232. Ke nan mai nazarin daskarewar ruwa da ya riƙe kelbin 260 da TIP3P zai yi ta jiran ƙanƙarar da ba za ta zo ba, ko da ma'auninsa ba shi da aibi. Daɗin daɗawa, ƙa'idar raba-daidai ta tsohon ilmin motsi na Newton ce. A zahiri, karkarwar haidirojin mai tsananin sauri tana bin dokokin kwantum, kuma a zafin ɗaki ba ta karɓar cikakken kasonta na kuzarin zafi. Wannan na daga cikin hujjojin da ake kafawa wajen yi mata dabaibayi.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa a kwaikwayon motsin ƙwayoyi ana fitar da matakin zafi ne daga kuzarin motsi, bisa sharaɗin cewa kuzarin ya rarrabu daidai a kan kafofin da aka ƙidaya daidai. Ta nuna cewa hawa da saukar lambar wajibi ne, kuma girmansa sananne ne. Ta kuma bi tarihin linzamin zafi daga 1971 zuwa 2007, ta kawo hanyoyin da matsakaici kan fito daidai alhali aiki ya lalace. Abin da ya haɗa kuskuren ƙidayar kafofi da zamewar ɓoye da ƙanƙara mai tashi da sanyin furotin shi ne, a cikinsu duka lambar da linzami ke riƙewa ita ce wadda mai bincike ke kallo, don haka ba za ta taɓa tona wa kanta asiri ba. Aikin mai lura shi ne ya duba abubuwan da ba a umurci linzami ya riƙe ba: faɗin rawa, da rabon kuzari tsakanin rukunoni, da tsayuwar jimillar kuzari idan an saki linzami.